Gaggawa Biyu Ce: Waiwaye Cikin Littattafan Magabata a Kan "Sai Gobe"

 

A zaman karatun Riyadus Salihina da muke yi bayan la'asar, kwanan baya mun iso babi na goma, wanda Imam Nawawi ya ware domin kwaɗaitar da mutum ya hanzarta zuwa ga ayyukan alheri. Muna cikin fassara sai wani ɗalibi daga sahun baya ya ce, "Allah gafarta Malam, mu fa tun muna yara ake gaya mana gaggawa aikin Shaiɗan ce. Yau kuma ga babi sukutum ana cewa mu yi gaggawa. To wanne za mu ɗauka?" Jama'a suka yi dariya. Mun ba shi gajeriyar amsa a lokacin saboda magariba ta gabato, amma tambayar ta fi ƙarfin gajeriyar amsa. Shi ya sa muka koma cikin littattafan da muka taso a kansu, na waƙa da na labari da na fiƙihu, domin mu ga yadda magabata suka warware ta.

Abu na farko da za mu lura da shi, Hausa ta haɗa abubuwa biyu a kalma ɗaya, Larabci kuwa ya raba su. Akwai ajala, wato ka yi abu tun lokacinsa bai yi ba, ko tun ba ka san hukuncinsa ba. Akwai kuma mubadara, wato ka riga wani abu da ke tafe, ka yi aikinka kafin ya iso ya hana ka. Kishiyar ajala ita ce natsuwa, kuma abar yabo ce. Kishiyar mubadara ita ce taswifi, kuma abar zargi ce. Ɗalibanmu na nahawu sun san harafin saufa tun daga Ajuruma, inda aka lissafa shi cikin alamomin fi'ili. Aikinsa shi ne ya tura aiki can gaba. Daga wannan ɗan harafin malamai suka ciro sunan cutar. Mu ma muna da namu saufa a Hausa, har sun fi na Larabawa yawa: "sai gobe", "bari dai", "in an kwana biyu", "sai bayan salla", "sai kaka ta yi".

Bari mu fara da mawaƙan Jahiliyya, tunda duk wanda ya yi nisa a karatun lugga a zaurukanmu sai ya bi ta kan mawaƙa shida. A cikinsu babu wanda mutuwa ta tsaya wa a rai kamar Ɗarafa ɗan Abdu. A doguwar ƙasidarsa ya kwatanta ɗan Adam da dabbar da aka yi wa ɗaurin talala: tana kiwo tana ganin kamar sake take, alhali bakin igiyar yana hannun wani. Wannan kwatanci ne da mai wa'azi ma zai so a ce shi ya fara yin sa. Amma ku dubi abin da Ɗarafa ya gina a kansa. Tunda mai zarginsa ba zai iya tare masa mutuwa ba, to a ƙyale shi ya riga ta da abin da ya mallaka, ya sha giya, ya hau doki ya kai ɗauki, ya more da mata. Kalmar da ya yi amfani da ita a wurin daga tushe ɗaya take da mubadara ɗin da Nawawi ya sa wa babinsa. Kun ga ke nan sanin cewa rai gajere ne bai isa ya shiryar da kowa ba. Mutum biyu suna iya yarda cewa lokaci ya ƙure, ɗaya ya nufi masallaci, ɗaya ya nufi mashaya, kowannensu yana sauri.

Ƙarshen Ɗarafa ma darasi ne. Masu tarihin adabi suna ba da labari cewa Sarkin Hira, Amru ɗan Hindu, ya ba shi wasiƙa a rufe, ya ba kawunsa Mutalammis irinta, ya ce su kai wa wakilinsa a Bahraini, suna zaton kyauta ce aka rubuta a ba su. Kawun ya yi shakka, ya sa aka buɗe tasa aka karanta masa, sai ga umarnin kisa. Ya jefa ta a kogi, ya gudu Sham, ya kuma shawarci ɗan 'yar'uwarsa ya buɗe tasa. Ɗarafa ya ƙi, ya ci gaba da tafiya, ya kai takardar ajalinsa da hannunsa, aka kashe shi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Mawaƙin da ya ce yana so ya riga mutuwa, rashin tsayawa ya bincika ne ya kai shi gare ta da wuri. A gefe guda ga Zuhairu ɗan Abu Sulma, dattijo mai shekara tamanin, wanda ya kashe mafi kyawun baitocinsa wajen yabon mutum biyu, Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, saboda sun yi maza sun shiga tsakanin ƙabilun Absu da Zubyanu, sun ɗauki nauyin diyya daga dukiyarsu kafin yaƙi ya ƙarasa cinye sauran mutane. Tun kafin Musulunci, mai hankali a cikin Larabawa ya gane cewa sulhu yana cikin abubuwan da ba a kwana da su.

Shi kuwa A'asha, ya riski zamanin Manzon Allah (SAW). Ibnu Hishamu ya kawo a littafinsa na Sira cewa ya shirya ƙasida ta yabon Annabi, ya kamo hanya da niyyar musulunta. Mushirikan Ƙuraishawa suka tare shi suna faɗa masa abubuwan da addinin ya haramta. Da aka zo kan giya sai ya tsaya, ya yanke shawarar ya koma gida ya ƙoshi da ita a wannan shekara, baɗi ya dawo ya musulunta. A cikin shekarar ya mutu. Malamai irin su Suhaili da Ibnu Kasir sun yi gyara a kan lokacin da abin ya faru, domin a Madina aka haramta giya, amma wannan bai rage wa labarin nauyi ba. Abin da ke da ban tsoro a cikinsa, A'asha bai ƙaryata gaskiya ba. Ya yarda da ita, har ya yi mata waƙa. Ranar kawai ya ɗage. Da yawa daga cikinmu da muke karanta labarinsa muna girgiza kai, irin tasa muke yi da wani abin daban.

Idan kuwa ana neman wurin da aka fi siffanta cutar "sai gobe" daga ciki, mu a karatunmu ba mu ga kamar labarin Ka'abu ɗan Maliku ba, Allah Ya yarda da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito shi, Nawawi kuma ya sa shi a babin tuba. Yaƙin Tabuka ne, shekara ta 9 bayan hijira, ana tsananin zafi, dabino ya nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu da bakinsa ya shaida cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar na wannan lokacin ba, har raƙuma biyu gare shi. Kuma bai taɓa ƙudurta cewa ba zai je ba. Kullum da safe yakan fita don ya yi shiri, ya dawo bai tsinana komai ba, yana gaya wa kansa ai duk sa'ad da ya so zai iya. Mutane suka gama shiri, yana nan. Runduna ta tashi, ya ce zai shirya bayan kwana ɗaya ko biyu ya cim musu. Haka dai har suka yi nisa, ya wayi gari yana yawo a Madina ba ya ganin kowa sai wanda ake tuhuma da munafunci ko mai uzuri.

Ku lura da yadda labarin ya ginu, ya ku ɗalibai. Babu wata rana guda da za a nuna a ce ga ranar da Ka'abu ya saɓa. Laifin ya rarrabu ne a kan safiya da yawa, kowace safiya da ɗan ƙaramin rabonta, shi ya sa bai ji nauyinsa ba sai da ya taru. Abin da ya jawo masa faɗuwa kuma shi ne ƙarfinsa. Da matalauci ne marar abin hawa, da tun farko ya tashi neman mafita. Sai kuma ku dubi yadda lokaci ya juya masa. Wanda ya yi wasa da kwanaki, sai aka hore shi da kwanaki: dare hamsin babu mai yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Ya yi wa ɗan baffansa Abu Ƙatada sallama, bai amsa ba. Amma a cikin waɗannan kwanaki Ka'abu ya koyi abin da ya rasa da farko. Da wasiƙar Sarkin Gassan ta zo tana kiransa ya koma can a girmama shi, bai ce bari ya kwana da ita ya yi tunani ba, nan take ya jefa ta cikin tanderu. Ranar da aka karɓi tubarsu kuwa, gari duka tsere ya kama. Wani ya sukwano doki zuwa gare shi, wani ya hau dutsen Sal'u ya ƙwala masa kira, muryar ta riga dokin isowa. Da ya shiga masallaci Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya taso da sassarfa ya yi masa musafaha, abin da Ka'abu bai taɓa mantawa ba. Labarin da ya fara da jan ƙafar mutum ɗaya, da rige-rigen kai albishir ya ƙare.

Yanzu mu dawo ga ɗan littafin da kowa a cikinmu ya fara da shi, wato Ahalari, na Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 10 bayan hijira. Ba kasafai ake kallonsa da idon adabi ba, amma tsarinsa yana da hikimar da ta amsa tambayar ɗalibinmu tun a shafukan farko. A nan ne ya ce bai halatta mutum ya jinkirta tuba ba, ya kuma ƙirga fakewa da jiran shiriya daga Allah cikin alamomin taɓewa. Kaɗan gaba, a cikin muƙaddimar dai, ya hana mutum aikata kowane aiki sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya tambayi malamai. Ga umarnin sauri, ga umarnin dakatawa, kusa da juna, kuma babu karo a tsakaninsu. Zunubin da ka san zunubi ne, babu sauran abin da kake jira. Al'amarin da ba ka san hukuncinsa ba, babu abin da ke korar ka.

Haka littafin ya ci gaba. A farillan alwala ya lissafa gaggautawa, wato kada ka wanke fuska ka tafi hira har ta bushe sannan ka dawo ga hannaye. A farillan salla kuma ya lissafa natsuwa. Da ya zo kan ramuwar salla sai ya tsananta: wanda ake bi bashin salloli ba shi da damar sakaci, ba zai tsaya yin walaha ko asham ba alhali farilla tana wuyansa, in ban da 'yan nafilfilin da aka togace kamar shafa'i da wuturi da raka'o'in alfijir da sallar idi. Amma bai bar mutum cikin ruɗu ba, ya ba shi ma'auni: wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, za ku ga an haɗa gaggauta buɗa-baki da jinkirta sahur a wuri ɗaya, dukansu sunna. Za ku ga an so a ɗan jinkirta azahar lokacin zafi. Za ku ga an yi wa mai ramuwar azumi sauƙi, amma in ya yi sakaci har wani Ramadan ya shigo, sai ya haɗa da ciyar da mudu ɗaya a kan kowace rana. Su kansu malaman usulu sun yi saɓani a kan ko umarni tsurarsa yana nufin a yi yanzu-yanzu ko da yalwa, har saɓanin ya shafi aikin hajji a cikin mazhabarmu. Duk wannan yana nuna mana cewa magabata ba sauri don kansa suke yabo ba. Zama suka yi suka tantance, aiki bayan aiki, wanne ake yi wa hanzari, wanne ake yi wa sannu.

Wannan tantancewar ita ce a cikin Riyadus Salihina ɗin ma. A babin da muke kai akwai labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya sallame la'asar ya miƙe da sauri yana ƙetare mutane zuwa ɗakin ɗaya daga cikin matansa, har sahabbai suka firgita. Ashe wani ɗan zinariya na sadaka ya tuna yana gida, bai so ya kwana a wurinsa ba, ya sa aka raba. A cikin littafin nan dai akwai babin haƙuri da natsuwa da tausasawa, inda aka yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi saboda rashin garaje. An kuma hana mai zuwa salla ya taho da gudu ko da an tayar da iƙama. Annabin da ya ƙetare sahu don haƙƙin talakawa, shi ne ya hana mu gudu don mu riski raka'a. Ana jingina wa Hatimul Asammu, ɗaya daga cikin masu zuhudu na farko, cewa ya keɓe abubuwa biyar daga gaggawar da ake zargi: ciyar da baƙo, shirya mamaci, aurar da budurwa idan ta isa, biyan bashi idan lokacinsa ya yi, da tuba. In kun duba da kyau, huɗu daga cikin biyar ɗin haƙƙin wani ne a wuyanka, na biyar kuma haƙƙin Allah.

To, ina namu malaman na ƙasar Hausa? Waƙoƙin wa'azi da aka rubuta da ajami tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, kusan dukansu a kan wannan batu suke. Suna kwatanta duniya da tsohuwar da ta ci ado tana yaudarar masu neman aure. Suna jero sarakuna da attajiran da suka shuɗe suna tambayar ina suke. Suna bin mutum daki-daki daga ciwon ajali zuwa wanka, zuwa makara, zuwa kabari da tambaya, zuwa tsayuwa da awo da siraɗi. Ko sunan wata daga cikinsu, Gangar Wa'azu, ya isa ya nuna manufar, domin ba a kaɗa ganga don a taru baɗi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi irin waɗannan waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, jajis ɗinta suna kai su ga matan ƙauyuka, waɗanda ba su da halin zama a gaban malami shekara da shekaru. Ƙarfin waƙoƙin yana cikin yadda suke ɗauko abin da mutum yake gani can nesa su ajiye masa a ƙofar ɗaki. Mai sauraro yakan ji kamar shi ne a kan makarar.

Sai dai, tare da girmamawar da muke yi wa wannan gado, akwai abin da ya kamata a faɗa. Tsoro yana tayar da mutum tsaye, amma ba ya daɗewa a zuciya, kuma ba ya nuna wa mutum ta ina zai fara. Ibnul Jauzi, babban mai wa'azin Bagadaza wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan hijira, da wannan matsalar ya buɗe littafinsa Saidul Khaɗir. Ya lura mutane suna farkawa a majalisin wa'azi, da sun fita sai gafala ta dawo, ya kamanta wa'azi da bulala, wadda zafinta yake raguwa da zarar an daina dukan. Hariri kuma ya nuna wani haɗarin a Maƙamominsa. A maƙama ta farko, a birnin San'a, Abu Zaid ya yi wa'azin gudun duniya har ya sa mutane kuka suka tara masa kuɗi, mai ba da labari ya bi shi a ɓoye ya same shi a kogo gaban gurasa da gasasshen ɗan akuya da tulun giya. A ta goma sha ɗaya ya sake yin irin haka a maƙabarta. Shi kansa Abu Zaid sai a maƙama ta hamsin, ta ƙarshe, ya tuba. Hariri yana gaya mana cewa zancen kusantowar mutuwa yana iya zama sana'a, kuma mai kiran mutane su yi sauri yana iya zama shugaban masu jinkiri. Wannan gargaɗi mu masu hawa mumbari ya fi shafa, Allah Ya tsare mu.

Shi ya sa a ganinmu kuskure ne a raba waƙar wa'azi da littafin fiƙihu, kamar yadda wasu suke yi yanzu, a ɗauki mai sa kuka a bar mai koyar da aiki. Su mawallafan ba su raba ba. Waƙa tana cewa ka tashi, Ahalari yana cewa ga sallolin kwana biyar, fara da su. Risala tana cewa mayar da kayan zalunci ga masu su yana cikin tuba. Rayuwar Shehu ma shaida ce. Ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, yana kiran mutane su tuba ba tare da ɓata lokaci ba, amma sai da ya shekara talatin yana karantarwa kafin hijirarsa daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ya kuma yi rubuce-rubuce yana raddi ga ɗaliban da suke saurin kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin tauhidi irin na littafi ba. A kan gyaran kai ya matsa wa mutane. A kan hukunta wasu ya ja musu linzami.

In muka auna kanmu da wannan ma'auni, 'yan'uwa, sai mu ga kamar mun juya rigar ne baibai. Inda littattafai suka ce a dakata, nan muke gudu. Saƙo ya shigo waya ta WhatsApp cewa wane ya ce kaza, ko wane malami ya yi kaza, kafin mu kai ƙarshensa mun tura wa mutum hamsin, alhali Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike, kuma mun ga abin da rashin buɗe wasiƙa ya jawo wa Ɗarafa. Miya ta yi gishiri, maigida ya furta saki, wani ma uku a haɗe, da safe ya zo zaure yana neman malam ya nemo masa ƙofa, ga shi Ahalari ya gargaɗe shi a kan rantsuwa da saki tun yana yaro. Yaro ya yi wata shida yana karatu, ya fara raba wa mutane wuta da aljanna.

Inda kuma suka ce a hanzarta, nan muke kwanciya. Abu ɗaya cikin biyar ɗin Hatimu muka riƙe da kyau, shi ne shirya mamaci. Alhamdu lillahi, a wajenmu mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Amma daga an dawo daga maƙabarta sai saurin ya ƙare. Shari'a ta jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: kuɗin shirya shi, sannan bashi, sannan wasiyya daga cikin sulusi, sannan gado. Mu sai mu yi na farko cikin sa'o'i, sauran ukun mu bar su shekaru, alhali ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. An taɓa kiran mu rabon wani gida da mai shi ya rasu tun 'ya'yansa suna ƙanana. Babban wa ya ce a bari sai yara sun girma, daga baya aka ce sai an aurar da 'yan matan, daga baya aka ce sai wanda ke ci-rani ya dawo. Ranar da muka zauna, biyu daga cikin magadan sun riga sun rasu sun bar nasu magadan, lissafi ya koma abin da malaman fara'ili suke kira munasakha, rabo a cikin rabo. Lissafin bai gagare mu ba. Abin da ya gagare mu shi ne sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya su dubi fuskar juna. Uwarsu kuwa, wadda tumuninta yake cikin gidan tun ranar farko, ta rasu ba ta taɓa riƙe ko dala daga ciki ba. Babu wanda ya yi niyyar cin haƙƙinta. Irin ta Ka'abu ce ta faru, safiya bayan safiya, sai dai su ba su sami damar neman afuwarta ba.

Saboda haka amsarmu ga ɗalibin nan, da duk mai irin tambayarsa, ita ce duka biyun za ka ɗauka, kowanne a muhallinsa. Kafin ka yi abu, tambayi kanka: na san hukuncinsa? In na yi kuskure, wa zai cutu? In ba ka sani ba, ko kuwa mutuncin wani ko aurensa ko imaninsa ne a ciki, to sannu ba ta hana zuwa. In kuwa abin ya riga ya tabbata a wuyanka, salla ce ko zakka, ko jikka biyar ɗin maƙwabci da kake da halin biya, ko gaisuwar ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku magana, ko gadon marayu da ke hannunka, to da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kada kuma mu riƙa fakewa da "in Allah Ya so" a wurin da mu ne ba mu so ba. Kalma ce mai girma, an koya mana ita don mu jingina ƙudurinmu ga Allah, bai dace mu mai da ita wata saufa ba.

Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, kafin ya ninke ta, ya tuna abu ɗaya tak da ya daɗe yana ɗagewa, ya fara shi kafin sallar da ke tafe. Masu matsalar gado ko ramuwar salla da ba su san ta inda za su soma lissafi ba, ƙofar zaure a buɗe take bayan sallar asuba. A zama na gaba za mu ci gaba daga babi na goma sha ɗaya, babin mujahada, sai ɗalibai su zo da shirinsu.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin da ke kanmu tun muna da numfashi, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne.